Darasi na Goma Sha Huɗu: Ƙabar da ke Fitowa a Ƙarshen Tabon Aikin Zuciya

Kafin mu shiga karatu, kowa ya ɗora yatsansa a ɗan ramin da ke gindin wuya, ya gangaro da shi a hankali ta tsakiyar ƙirji. Abu mai taurin nan da yatsa ke bi shi ne ƙashin ƙirji. Ku ci gaba da gangarowa har inda taurin ya ƙare, yatsa ya faɗa cikin taushi, daidai inda haƙarƙarin dama da na hagu suka rabu. Nan ne ƙahon zuci. Faɗin wurin bai wuce yatsu uku ko huɗu ba, kuma a nan darasinmu na yau zai tsaya.

Duk wanda aka buɗe wa ƙirji ta tsakiya don aikin zuciya yana da dogon tabo da ya taso daga gindin wuya ya sauko har nan. Ga yawancin mutane, tabon ya warke, shi ke nan an wuce wurin. Amma akwai waɗanda bayan watanni, wani sa'in bayan shekara biyu ko uku, sai su ga kumburi ya ɓullo a ƙarshen tabon daga ƙasa. In sun miƙe tsaye ko sun yi tari ya fito, in sun kwanta rigingine ya koma. Wannan ƙaba ce. Rahotannin likitoci sun nuna tana samun kimanin mutum 1 zuwa 4 cikin kowane 100 da aka buɗe wa ƙirji, kuma ana kyautata zaton adadin ya haura haka, don da yawa ƙanana ne, ba sa ciwo, masu su ba sa kai kansu asibiti.

Kada wani ya ce wannan matsalar mutanen Turai ce. Tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu. A ƙasar Hausa kuwa muna da yara da samari da 'yan mata waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani da kyau ba ya kai ga lalata musu ƙofofin zuciya, har sai an canja musu. Wasu a gida ake yi musu, wasu a Indiya ko Masar, wasu kuma an yi musu a Cibiyar Salam ta Khartoum wadda aka buɗe a 2007. Su dawo gida lafiya, a yi ta zuwa barka. Ranar da kumburin zai fito, likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, majinyaci yana ƙauyensu, kuma mutumin da zai fara ganin abin shi ne matarsa ko mahaifiyarsa. Saboda irin waɗannan idanun aka rubuta wannan darasi.

Inda raunin yake saura

Zuciya tana bayan ƙashin ƙirji, saboda haka hanya mafi sauƙi ta isa gare ta ita ce a tsaga ƙashin nan biyu daga sama har ƙasa. Wani likita mai suna Herbert Milton ne ya fara bayyana wannan hanya a 1897, lokacin yana aiki a Alƙahira. Ba ta yaɗu ba sai bayan da John Gibbon ya yi nasarar aiki da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu a Amurka a 1953. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 ta zama babbar ƙofar aikin zuciya, har yau.

Ana tsaga ƙashin da zarto na musamman, a buɗa shi, a yi abin da za a yi, sannan a haɗe shi da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa. Ƙashi yakan haɗe cikin mako shida zuwa takwas, ya ƙara ƙarfi a watannin da ke biye. Matsalar ba a ƙashin take ba. Don ƙirji ya buɗu sosai, sai yankan ya ɗan zarce ƙarshen ƙashin ya shiga saman ciki. A nan akwai wani farin tantani mai ƙarfi da ya haɗa naman cikin dama da na hagu, ya bi tsakiyar ciki ya sauka har mara. Shi ake yankawa santimita kaɗan, a ɗinke da zare in an gama. A kusa da wurin ne kuma ake fito da robobin da ke zuƙe jini da ruwa daga ƙirji a kwanakin farko.

Ku duba halin da wannan ɗinki yake ciki. Haƙarƙari suna janye shi dama da hagu duk lokacin da aka ja numfashi. Tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, yana manne a wurin yana motsi dare da rana. Majinyaci kuma dole ya yi tari bayan aiki don huhunsa ya washe, kowane tari kuwa turi ne daga ciki. In an yi rashin sa'a ciwon ya ruɓe ya yi mugunya, ko mutum yana da ƙiba, ko ciwon suga da bai daidaita ba, ko tarin da ba ya jin magani, ko yana shan taba, ko an sake buɗe ƙirjin karo na biyu, sai zaren ya yanke naman ko tantanin ya ƙi haɗewa. Fata ta warke a sama lafiya lau, amma a ƙarƙashinta an bar kafa. Ta kafar nan kitsen ciki ke turowa.

Akwai abu ɗaya da Allah ya sauƙaƙa. Ɓangaren hagu na hanta yana kwance daidai bayan wannan wuri, yana tare hanya, shi ya sa hanji bai cika shiga irin wannan ƙaba ba kamar yadda yake shiga ta mara ko ta cibiya. Yawanci kitse ne a ciki. Amma bai cika ba daban, ba ya yi daban. In kafar ta faɗaɗa, hanji ko tumbi na iya shiga.

A ɗakin likita

Mu ɗauki misalin wani dattijo da aka yi wa aikin jijiyoyin zuciya bara. Ya zo da ɗansa, ya ɗage riga ya nuna wurin.

"Likita, ko zuciyar ce ta sauko? Ina jin abin yana motsi."

"A'a Baba, zuciyarka tana nan inda take. Ɗan kwanta mu gani. Yauwa. To, ɗaga kanka kamar za ka dubi yatsun ƙafarka. Ka gani, ya fito. Yanzu sake jikinka, Baba, ka yi tari."

Likitan ya ɗora yatsu a kan kumburin, ya ji yana bugun hannunsa da kowane tari. Da dattijon ya saki jiki, sai ya tura abin a hankali ya koma, yatsansa ya shiga wata kafa mai kaurin baki. Sannan ya dafa ƙashin ƙirjin da hannu biyu, dama da hagu, ya ce a sake tari, yana sauraron ko ƙashin zai motsa ko ya yi ƙara. Wannan gwaji na biyu yana da muhimmanci, don ba kowane kumburi a wurin ne ƙaba ba. Yana iya zama ruwa ne ya taru, ko ƙurji mai mugunya daga waya, ko ƙashin ne bai haɗe ba. Shi ya sa akan tura mutum hoton CT, wanda zai nuna faɗin kafar, da abin da ke cikinta, da halin da ƙashi da wayoyin suke ciki.

Tsoron da dattijon ya zo da shi tsoro ne na kowa, kuma gara wannan tsoron da wani abin da ake yi a gida. Kumburi a ƙahon zuci ba wurin tsaga ba ne, ba wurin ƙaho ba ne, balle sakiya. Abin da ke ƙarƙashin fatar nan kayan ciki ne. Ga mai shan maganin tsinka jini kuwa, tsagar da wani zai yi ya tashi ya kaɗe riga tana iya zama jinin da ba zai tsaya ba. Ɗaure wurin da ɗamara yakan rage nauyin da mutum ke ji, amma ba ya toshe kafa. Babu kuma wani jiƙo ko ƙwaya da ke toshe ta.

Ba kowace ƙaba ake yi wa aiki ba. In ƙarama ce, ba ta ciwo, ba ta girma, zuciyar mai ita kuma ba ta da ƙarfi sosai, likita zai iya cewa a sa ido kawai. Amma in kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ko fatar wurin ta yi ja, ko bayan gida da tusa sun tsaya, to abin da ke ciki ya shaƙe. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

Me ya sa ɗinki kawai ba ya riƙewa

Da can jan bakin kafar ake yi a haɗe, a ɗinke. A wannan wuri kuwa haƙarƙari ba sa barin naman ya matso, sai an ja da ƙarfi, abin da aka ɗinke a kan ja kuma yagewa yake yi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2000, ya kwatanta hanyoyi biyu na gyaran ƙabar tabon tiyatar ciki. Bayan shekara uku, ƙabar ta dawo wa kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ɗinki zalla, ta dawo wa kashi 24 cikin 100 na waɗanda aka sa wa raga. Wannan a tsakiyar ciki ke nan, inda nama ke da sauƙin ja. A ƙahon zuci lamarin ya fi wuya.

Ragar da ake magana wani saƙi ne na zaren roba wanda jiki ba ya narkarwa. Naman mutum yakan tsiro ya shiga idanunta har su zama abu ɗaya. Inda aka sa ta shi ne babban zance. Mai facin taya ya san cewa facin da aka manna daga ciki ya fi riƙo, don iskar da ke neman fita ita ce ke ƙara danne shi a kan hujin. Haka ragar da aka shimfiɗa ta bayan kafar: duk tari, duk nishi, ƙara manne ta yake yi da bangon ciki. Sharaɗin shi ne ta zarce bakin kafar ta kowane gefe, akasari da kamar santimita 5. To ga inda gizo ke saƙar. Ta ƙasa da gefuna akwai fili. Ta sama kuwa ƙashi ne da haƙarƙari, bayansu tantanin numfashi, a kan tantanin kuma zuciya ce zaune cikin jakarta.

Aiki ta 'yan huji

Tiyatar da ake yi ta ƙananan huji da kyamara, wadda likitoci ke kira laparoskofi, ta bunƙasa ne a ƙarshen shekarun 1980 da aikin cire matsarmama. A 1993 likitoci biyu a Amurka, LeBlanc da Booth, suka ba da rahoton gyaran ƙabar tabo ta wannan hanya, kuma a farkon shekarun 2000 aka fara ba da rahoton amfani da ita ga ƙabar ƙahon zuci.

Ana sa majinyaci barci gaba ɗaya. A yi huji uku ko huɗu a ciki, nesa da tsohon tabon, kowanne tsakanin rabin santimita da santimita ɗaya da ɗan kai. A hura iskar kabon dayokzaid cikin ciki har bangonsa ya ɗaga ya bar fili, a karkata gadon kai ya yi sama don hanji ya gangara ƙasa. Kyamara ta shiga ta huji ɗaya, dogayen almakashi da hantsaki su shiga ta sauran, likita yana aiki idonsa a kan allo.

Abin da yake gani a allon shi ne dalilin da ya sa ake son wannan hanya. Ga hanta nan ja-ja tana sheƙi. Ga kitse rawaya ya cusa kai cikin wata kafa a rufin ciki. Can sama kuma tantanin numfashi yana rawa da kowane bugun zuciya, har ana iya ƙirga bugun da ido. Likitan zai janyo kitsen a hankali ya fito da shi. Sannan ya yanke wani tantani mai kitse da ya rataye hanta a jikin bangon ciki, ya saukar da shi, don ragar ta sami shimfiɗaɗɗen wuri har can saman hanta, bayan ƙahon zuci. In bakin kafar zai haɗu ba da ja mai yawa ba, wasu likitocin sukan ɗinke shi tukuna. A naɗe ragar a zura ta huji, a warware ta a ciki. Irin wadda ake sawa a nan fuska biyu gare ta: mai kaushi tana kallon bangon ciki don nama ya kama ta, mai santsi tana kallon hanji don kada ya manne mata.

Saura kafe ta, kuma a nan ne gwani ke bambanta da wanda ya ga ana yi. Daga bakin haƙarƙari zuwa ƙasa, ana kafe raga da zare da wasu 'yan ƙusoshi da ake harbawa da na'ura. Daga bakin haƙarƙari zuwa sama kuwa, ƙusa haramun ce. Tantanin numfashi a wurin siriri ne, milimita kaɗan, zuciya kuma tana jingine da shi. An sami rahotanni a mujallun likitoci na ƙusar da ta huda jakar zuciya, jini ya taru ya matse zuciyar, har wasu suka rasa rayukansu. Wanda aka taɓa yi wa aikin zuciya ya fi shiga haɗari, don tabon ciki yakan manne zuciyar da abin da ke kewaye da ita. Saboda haka gefen sama na raga ko dai a ɗinke shi sama-sama da zare a hankali, ko a manna shi da gam na tiyata, ko a bar shi kwance hanta ta danne shi. A ganina, majinyaci ko ɗan'uwansa yana da cikakken haƙƙin ya tambayi likita, cikin ladabi, ko ya saba gyara ƙaba a wannan wuri da kuma yadda yake kafe gefen sama. Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba.

A 'yan shekarun nan wasu cibiyoyi sun koma shimfiɗa ragar a tsakanin sassan bangon cikin, yadda ba za ta taɓa hanji ba sam, wani lokaci da taimakon na'urar robot.

Amfanin aikin huji a bayyane yake. Ba a sake yanka tsohon tabon da ke kusa da ƙashi da wayoyi ba, don haka ruɓewar ciwo ta fi ƙaranci, wannan kuwa babban abu ne ga mai ciwon suga ko mai ƙiba. Kwanan asibiti yakan ragu. Likita kuma yana ganin bangon cikin duka, ya gano wata ƙaramar kafa da hannu bai ji ba. Amma ƙabar tana iya dawowa ko ta wannan hanya, musamman ta gefen saman nan da ba a iya kafewa da ƙarfi. Da yake ƙabar ba ta da yawa, rahotannin da ake da su na majinyata kaɗan-kaɗan ne, shi ya sa har yanzu likitoci ba su taru a kan hanya ɗaya ba.

Zuciyar ma tana da ta cewa

Iskar da ake hurawa ba a banza take zaune ba. Akan kai matsinta 12 zuwa 15 a ma'aunin milimita na zaiba, matsin nan kuma yana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, ga gado an karkata jini ya taru a ƙafafu. Lafiyayyar zuciya ba ta damuwa. Mai rauni kuwa tana iya gazawa. Shi ya sa kafin a sa rana sai likitan zuciya ya duba mutum, a yi masa hoton zuciya na eko a ga ƙarfin bugunta, likitan sa barci kuma ya san komai. Sau da yawa rage matsin iskar ake yi, a hura ta sannu a hankali.

Sai maganin tsinka jini. Wanda aka yi wa aikin jijiyoyi yakan sha asfirin, wani da kulofidogirel. Wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe yana shan warfarin har ƙarshen rayuwarsa. In an yi aiki jini a tsinke, zubar jini. In an dakatar da magani barkatai, jini ya daskare a kan ƙofar ƙarfen ya toshe ta ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likitoci suna da tsarinsu: sukan tsayar da warfarin kwanaki kaɗan kafin aiki, su riƙe mutum da allurar hefarin, su mayar da shi bayan an gama. Wannan lissafin nasu ne. Ina roƙonku, kada wani ya ajiye maganinsa da kansa don ya ji an ce za a yi masa tiyata, kada kuma ya ɓoye wa likitan tiyata cewa yana sha. Takardar sallamar da aka ba shi a inda aka yi aikin zuciyar, ko da ta tsufa ta yi datti, a zo da ita. A cikinta aka rubuta irin ƙofar da aka sa da irin aikin da aka yi.

Akwai kuma waɗanda buɗewa ta fi dacewa da su: wanda ƙashin ƙirjinsa bai haɗe ba, ko waya ta ruɓe tana fitar da mugunya, ko kafar ta yi girma ainun, ko an sha yi masa aikin ciki hanji ya manne ko'ina, ko zuciyarsa ba za ta ɗauki iska ba. Ga batun kuɗi: raga mai fuska biyu da na'urar ƙusoshi suna da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da kayan da ma'aikatan ba. Kada iyali su sayar da gona don kawai sun ji an ce aikin huji shi ne na zamani. Aikin buɗewa da raga, a hannun wanda ya ƙware, ya fi aikin huji a hannun wanda bai saba da wurin ba.

Bayan an sallamo

Ƙanƙantar hujin tana yaudarar mutane. Sai a ga filasta uku kawai a ce ai ba wani aiki aka yi ba, alhali a ciki an shimfiɗa raga mai faɗin tafin hannu ko fiye, wadda ke buƙatar makonni kafin nama ya kama ta. Kwanakin farko akwai ciwo inda aka kafe ta, da ciwon kafaɗa wanda ragowar iskar ke jawowa, shi kuma da kansa yake wucewa. Sau da yawa ruwa yakan taru a gurbin da ƙabar ta bari, wurin ya sake kumbura, majinyaci ya ɗauka aikin ya lalace. Yawanci jiki ne ke shanye shi cikin makonni. A nuna wa likita, kada a yarda kowa ya soka allura a wurin a gida ko a kemis, don ƙwayar cuta in ta kai ga raga, wani lokaci sai an cire ragar dungurungum.

Tafiya a hankali tun ranar farko tana da kyau. Ɗaukar buhu, jan guga, daka, tura babur, a bar su na mako huɗu zuwa shida ko yadda likita ya ce. In ruku'u da sujada suna ja wurin, a yi salla a zaune har a sami sauƙi. In tari ya zo, a rungume matashin kai a ƙirji. A sha ruwa, a ci ganye da kayan marmari don kada bayan gida ya yi tauri a yi ta yunƙuri. Zazzaɓi, ko ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko amai, ko mugunya daga huji, duk na komawa asibiti ne. Haki kwatsam, jiri, ciwon ƙirji, ko zufa mai sanyi kuwa, a ɗauki mutum nan take, a gaya wa wanda ya karɓe shi cewa an sa masa raga a ƙarƙashin zuciya.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama maƙwabcin da aka canja wa 'yarsa ƙofar zuciya shekara biyu da suka wuce, yanzu kumburi ya fito a ƙarshen tabonta, kakarta kuma ta ce a kira wanzami. Ɗayan ya yi masa bayani da bakinsa, ba tare da duba littafi ba: mene ne kumburin, me ya sa ba za a tsaga ba, da abin da za su riƙa a hannu ranar zuwa asibiti. In an gama, ku yi musaya.

Sannan kowa ya rubuta a littafinsa tambayoyi uku da zai yi wa likitan tiyata in ɗan'uwansa ne za a yi wa wannan aiki, ya kawo su darasi na gaba.